HAƘORAN BAKWAINI: ABIN DA AKAN MANTA BAYAN AN SALLAMO JARIRI DAGA ASIBITI

Daga Wakilinmu

Ranar da aka sallami bakwaini daga ɗakin jarirai na asibiti rana ce ta farin ciki a gidan iyayensa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Yaron da aka haifa bai cika kilo biyu ba, ya yi makonni a cikin na'urar nan ta ɗumama jarirai wadda jama'a ke kira kwalba, ana ɗura masa nono ta hanci, yau ga shi an kawo shi gida da ransa. Daga nan hankalin kowa yakan koma kan nauyinsa da numfashinsa da allurar rigakafinsa. Bakinsa kuwa ba mai leƙawa, tun da yake babu haƙori ko ɗaya a ciki. Sai bayan shekara guda ko biyu uwa ta lura cewa haƙoran da suka fito ba irin na yayyensa ba ne. Wani da tabo rawaya-rawaya, wani fari fat kamar alli, wani kuma da 'yan ramuka, ko bakinsa a ɓantare kamar an gutsure shi. Kafin yaron ya cika shekara uku sai a ga waɗansu sun soma ruɓewa.

A nan ne maganganu sukan tashi. Kaka ta ce shan zaƙi ne, maƙwabciya ta ce sakacin uwa ne, uba kuwa ya kashe maganar da cewa ai haƙoran nono ne, in lokacin famfara ya zo za su zube a huta. Likitocin haƙori suna da bayani dabam. A wurinsu aibin ya riga ya shiga haƙoran nan tun suna ɓoye cikin dasashi, a daidai makonnin da jaririn yake kwance a asibiti, watau tun kafin ya san ɗanɗanon sukari. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma abin da ta isa ta yi a lokacin don hana shi. Amma ruɓewar da ke biyo baya, wannan kam ana iya tare ta, kuma yawancin aikin a tsakar gida ake yinsa.

Maganar ba ta gida ɗaya ko biyu ba ce. Likitoci suna kiran jariri bakwaini idan an haife shi kafin ciki ya cika makonni 37, ko da ba a wata na bakwai aka haife shi ba. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, an haifi jarirai miliyan 13.4 a wannan hali a shekarar 2020, watau kusan 1 daga cikin kowaɗanne 10 da aka haifa a duniya, kuma Nijeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Gwargwadon yadda asibitocinmu ke ƙara iya ceto ransu, gwargwadon yadda za a ƙara ganin yara masu irin waɗannan haƙora.

YADDA AKE GINA HAƘORI

Kowane haƙori yana da wani farin ɓawo mai sheƙi da ya lulluɓe shi, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi ma bai kai shi ba, domin kusan kashi 96 daga cikin 100 nasa ma'adinai ne, galibi kalsiyam da fosfaras. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, a can tsakiya kuma jijiya da hanyoyin jini. Duk matar da ta taɓa mallakar langa ko kwanon sha mai fenti ta san yadda abin yake: muddin fentin yana nan lafiya kwano yana nan lafiya, amma da zarar ya ɓantare a wuri guda, ta nan tsatsa za ta shiga har ta huda ƙarfen.

Haƙoran nono guda 20 ne, kuma ɓawonsu yakan soma ƙanƙara tun ciki yana da kimanin wata huɗu. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta ne ke shimfiɗa shi, hawa bisa hawa, kamar yadda magini ke ɗora tubali. Na haƙoran gaba yakan kammala a cikin watanni uku na farko bayan haihuwa, na fiƙa wajen wata tara, na turamen can baya kuwa sai yaro ya kusa shekara. Magina ne masu saurin fushi. Ƙarancin iska a jini, ko zazzaɓi mai tsanani, ko ƙarancin kalsiyam, kowanne yana iya sa su tsaya da aiki ko su yi ginin banza. Kai, ko haihuwar lafiya ma takan bar wani siririn layi a cikin ɓawon haƙoran nono wanda ake gani da madubin likita. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da zarar haƙori ya huda dasashi ya fito, maginan nan sun gama nasu, sun tafi ba dawowa. Ƙashi in ya karye yakan haɗe, fata in ta yanke takan warke, amma ɓawon haƙori ba ya sāke tsirowa.

To, a nan bakwaini yake da asara biyu. Ta farko ita ce, kusan kashi 80 daga cikin 100 na kalsiyam ɗin da jariri ke samu daga jikin uwarsa a watanni uku na ƙarshen ciki yake samunsa, shi kuwa ya fito kafin a gama ba shi rabonsa. Ta biyu kuma, makonnin da ya kamata a ce yana kwance lafiya a ciki ana gina masa haƙora, su ne ya yi yana fama da wahalar numfashi, da ciwon da ƙwayoyin cuta ke sawa a jini, da shawara, da hanjin da bai isa ya tsotse abinci sosai ba. Shawara mai tsanani ma takan rina haƙoran nono su fito kore-kore.

Akwai kuma wani dalili na uku wanda ba kowa ya sani ba. A cikin shekarun 1980 wata likitar haƙoran yara mai suna Kim Seow, tare da abokan aikinta a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya, sun bincika bakin yaran da aka haifa ba su kai giram 1,500 ba, suka tarar fiye da rabinsu suna da aibi a ɓawon haƙora. Sun kuma lura cewa a wurin waɗanda aka zura wa bututun numfashi ta baki, aibin ya fi yawa a haƙoran gaba na sama, ta hannun hagu. Sun danganta wannan da dannar da ƙarfen buɗe maƙogwaro da shi kansa bututun ke yi wa dasashi mai taushi, wanda haƙorin ke kwance a ƙarƙashinsa bai ƙanƙara ba. Ba don a zargi kowa na kawo wannan ba. Bututun nan shi ne ya riƙe ran yaron, kuma ba uban da zai zaɓi haƙori ya bar numfashi. Na kawo shi ne domin iyayen da aka yi wa ɗansu haka su san inda za su fara dubawa.

ABIN DA UWA ZA TA GANI

Da farko dai, kada a tayar da hankali idan haƙoran bakwaini sun yi jinkirin fitowa. Yawancin yara sukan fitar da haƙorin farko wajen wata shida, amma shi bakwaini ana ƙidaya masa ne daga ranar da ya kamata a haife shi. Wanda aka haifa da wata bakwai, in ya cika wata takwas a duniya, jikinsa na ɗan wata shida ne.

Idan sun fito, aibin iri biyu ne. Akwai wanda ɓawon bai cika kauri ba, sai a ga rami ko kwari ko wani gefe da babu ɓawon sam, wurin ya yi kaushi. Akwai kuma wanda kaurin ya cika amma bai yi tauri ba, sai a ga tabo fari ko rawaya ko ruwan ƙasa, wanda kan marmashe in yaro ya soma tauna. Iri biyun duka suna riƙe saurar abinci, kuma suna sa yaro ya ji tsami ko zafi in ya sha abu mai sanyi ko mai zafi. Yaron da ke ƙin abinci, ko yake tauna ta gefe guda, ko yake kuka in an kusanto bakinsa, ba lalle ba ne rigima ce kawai.

Ba kowane tabo ne na haihuwar bakwaini ba. A waɗansu wurare, kamar Kaltungo ta Jihar Gwambe da Langtang ta Jihar Filato, ruwan rijiya yana da sinadarin fuloraid fiye da kima, shi ya sa haƙoran mutane da yawa suke da ratsi-ratsi. Maganin ƙarin jini na ruwa, wanda akan rubuta wa bakwaini, yakan bar baƙi-baƙi a kan haƙori, amma wannan a sama yake, likita yana iya goge shi, bai kuwa kamata a daina ba da maganin saboda shi ba. Wanda ya fi muni shi ne kafson nan na tetirasaikilin, mai ja da rawaya, da waɗansu ke ɓarewa su ba jariri wai don gudawar haƙori. Wannan yakan shiga cikin haƙorin da ake ginawa ya rina shi har abada, shi ya sa likitoci ba sa ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ko mace mai ciki.

AIKIN TSAKAR GIDA

Ruɓewar haƙori ba tsutsa ce ke kawo ta ba. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori suke cin sukarin da ya shiga baki, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, haƙori yakan sha wannan tsamin na kusan rabin sa'a kafin miyau ya wanke shi ya mayar da ma'adinan da suka zube. Saboda haka yawan lokutan da aka ba yaro zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Yaron da ya sha kofin kunu mai sukari gaba ɗaya da safe ya fi lafiyar haƙori a kan wanda ke yawo da rabin kofi yana kurɓa har azahar. Ɓawon haƙoran nono dā ma bai kai na manya kauri ba, balle na bakwaini wanda an riga an rage masa.

A nan ne tausayi yake yi wa yaran nan illa. Saboda an sha wahala a kansa, kuma ana ganinsa ɗan ƙarami, kowa a gidan so yake ya faranta masa. Wannan ya kawo alewa, wancan biskit, a zuba masa sukari a koko don ya sha da yawa ya yi ƙiba, da dare kuma a cika masa bulumboti da shayi ko madara mai zaƙi ya yi barci da shi a baki. Wannan na ƙarshen ya fi duka haɗari, domin miyau yakan ragu ƙwarai in mutum yana barci, sai zaƙin ya kwanta a kan haƙoran gaba na sama har gari ya waye, su ne kuwa dā ma masu rauni. Shawarar masana ita ce kada a sa wa yaro sukari a abinci ko abin sha kafin ya cika shekara 2, kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara 1, kuma a koya masa sha da kofi tun yana kusa da shekara guda. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari da ruwan 'ya'yan itace na kwali ba abin shan jariri ba ne.

Nonon uwa kuwa babu abin da ya kai shi, musamman ga bakwaini. A ba shi zalla har wata shida, a ci gaba tare da abinci har shekara biyu. Sai dai in haƙora sun fito, a riƙa tsabtace su kafin barci, kuma bayan shekara guda kada a bar shi ya kwana da nono a baki har safe. Idan likita ya rubuta ƙarin bitamin D ko kalsiyam, a ba da shi yadda aka ce, domin turamen nono ba su gama ginuwa ba sai kusan shekara, haƙoran girma kuwa ana nan ana gina su cikin muƙamuƙi har yaro ya kai shekara bakwai ko takwas. Wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono da ganye irin su zogale duk suna cikin aikin. Haka ma rigakafin ƙyanda da hanzarta kai yaro asibiti in zazzaɓi ya kama shi.

Tun kafin haƙori ya fito, uwa tana iya naɗe ɗan yatsa da tsumma mai tsabta, ta jiƙa, ta shafe dasashi bayan ya sha nono, domin ya saba a taɓa bakinsa. Wannan sabon yana da amfani, gama yaran da suka daɗe da bututu a baki ko a hanci sukan tsani duk abin da ya kusanci bakinsu. Daga ranar da haƙorin farko ya leƙo, sai a koma ga ƙaramin buroshi mai taushi da man goge baki mai fuloraid, sau biyu a rana, da safe da kuma dab da barci. A duba jikin kwalin a ga an rubuta aƙalla 1000 ppm, domin waɗansu mayukan da ake sayarwa da sunan na yara ba su kai haka ba. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 3, a ɗan shafa kamar girman ƙwayar shinkafa guda. Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. Ya tofar in ya iya, amma kada a kurkure masa baki da ruwa bayan an gama, a bar ɗan abin da ya rage ya zauna a kan haƙora, domin shi ne ke shiga ɓawon ya ƙara masa tauri. A ajiye man inda hannunsa ba zai kai ba don kada ya lashe. Mutanen garuruwan da ruwansu ke da fuloraid da yawa su nemi shawarar likita tukuna.

Hanya mafi sauƙi ita ce uwa ta zauna a tabarma ta kwantar da kan yaron a cinyarta, ta ɗaga leɓensa na sama da yatsa, ta goge har inda haƙori ya haɗu da dasashi. Zai yi kuka, ba shakka, amma minti biyu ne. Yaro ba ya iya goge wa kansa da kyau sai ya kai wajen shekara bakwai, don haka miƙa masa buroshi ko asuwaki a ce ya je ya goge daidai yake da ba a goge ba. Sau ɗaya a wata kuma a fito da shi haske a ɗaga leɓen a duba sosai. Wani farin layi kamar alli a gindin haƙora shi ne farkon ruɓewa, kuma a wannan matakin ana iya tsayar da ita ba tare da an huda komai ba.

Akwai waɗansu al'adu da ya kamata a bari. Dirje tabon da gawayi ko toka ko gishiri ko lemon tsami ba ya fitar da shi, domin a cikin haƙorin yake, abin da dirzar ke yi kawai shi ne kankare ɗan ɓawon da ya rage. Tauna abinci a ba yaro, ko lasar cokalinsa, yana ɗauko ƙwayoyin cutar bakin babba ya zuba a nasa, shi ya sa uwar da ke da kogon haƙori ya kamata ita ma ta nemi magani. Maganin ruwa na yara galibi sukari ne ke sa shi daɗi, bakwaini kuwa yakan sha shi da yawa, saboda haka a bi shi da ruwa, in akwai marar sukari a tambaya. Game da magungunan da ake sayarwa wai na fitar haƙori, bai kamata a manta ba cewa tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan sun sha wani irinsu mai suna My Pikin, wanda aka tarar da guba a cikinsa. Zazzaɓi mai zafi ko gudawa a jikin bakwaini maganar asibiti ce, ba a jingina ta ga haƙori a zauna.

A WURIN LIKITA

Mutanenmu ba su cika zuwa wurin likitan haƙori ba sai kumatu ya kumbura, ga shi likitocin ba su da yawa, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Duk da haka asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama. Abin da ake so shi ne a kai yaro a duba shi kafin ya cika shekara guda, ko ba ya jin ciwon komai, a tafi da katin sallamarsa, a gaya wa likita a wata nawa aka haife shi, da nauyinsa, da ko an sa masa bututu, da ko ya yi shawara.

Yawancin abin da za a yi masa ba ya bukatar allura. Akwai wani fuloraid mai kauri da ake shafawa a haƙora kamar fenti, duk bayan wata uku zuwa shida. Inda akwai rami, ana iya toshe shi da wani farin siminti na haƙori mai fitar da fuloraid a hankali, kuma akwai hanyar yin haka da kayan hannu kawai ba tare da injin huda ko wutar lantarki ba, hanyar da aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da ake ɗigawa a kan ruɓar ya tsayar da ita, sai dai wurin yakan koma baƙi, abin da ya kamata a gaya wa iyaye tun kafin a sa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ruwan da simintin da man goge baki mai fuloraid cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Turmin da ya lalace da yawa kuwa akan kifa masa 'yar hular ƙarfe ya zauna da ita har ranar da zai faɗi da kansa.

Ga mai cewa ai za su zube, ya kamata ya san cewa haƙoran gaba ne ke zubewa wajen shekara shida ko bakwai, turamen nono kuwa sai yaro ya kai shekara goma zuwa goma sha biyu. Yaron da turminsa ya ruɓe yana ɗan shekara uku, shekara nawa ke nan zai yi da ciwo? Ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, shi kuwa dā ma ƙoƙari ake ya cimma tsaransa a girma. In ruɓar ta kai jijiya har ƙurji ya fito a dasashi, mugunyar tana iya ɓata haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashi. In kuma aka cire turmin tun lokacinsa bai yi ba, maƙwabtansa sukan matso su cike gurbin, sai na girman ya rasa wurin fita ya fito a karkace.

Akwai haƙora huɗu da iyayen bakwaini ya kamata su sa wa ido fiye da saura. Su ne turamen girma na farko, waɗanda ke fitowa wajen shekara shida a can bayan turamen nono, biyu sama biyu ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukarsu na nono ne. Ɓawonsu yakan soma ƙanƙara ne a daidai lokacin haihuwa, watau su ma sun sha wahalar makonnin nan na asibiti, kuma babu waɗansu da za su maye gurbinsu. Da zarar sun leƙo a duba su a haske, in an ga tabo ko yaron yana kukan tsami a kai shi a shafe musu kwarin da ke samansu tun ba su marmashe ba.